Ƙaramin ɗan kasuwa da kuɗin talla: WhatsApp, Facebook, TikTok ko hannun masu mabiya?

Da zarar azumi ya gabato, ko lokacin bukukuwa ya kama, tambaya ɗaya masu ƙananan sana'o'i suke yi mini: "Na ware dubu ashirin ko talatin na talla, ina zan zuba su?" A Kano, mai turaren wuta da humra a Hotoro za ta yi ta, tela a Tudun Wada zai yi ta, haka mai sayar da waya a Farm Center. Ni kuma ba na amsawa sai na mayar da tambaya biyu: nawa ne ribarka a kan kaya ɗaya, kuma har ina kake iya kai wa mutum kayansa? Wanda bai san amsar waɗannan ba, ko ina ya kai kuɗinsa, aikin banza ne.

Dalili kuwa shi ne, yawan masu danna alamar so da masu rubuta "Allah ya kawo kasuwa" ba shi ne ciniki ba. Addu'a ce mai kyau, muna amsawa da amin, amma lissafin talla daban yake. A ce ka kashe naira 10,000, mutum 40 suka yi maka magana, 5 suka turo kuɗi. Kowane mai saye ya tsaya maka a kan naira 2,000 ke nan. Idan ribarka a turmin atamfa 1,500 ce, ka faɗi, sai dai in mutumin zai riƙa dawowa. Idan kuwa leshi ne mai ribar 6,000, ka ci kasuwa. Da wannan mudun za mu auna duk hanyoyin da ke tafe.

WhatsApp shi ne shagon

Mutane da yawa suna saka WhatsApp cikin jerin wuraren talla, ni kuwa a matsayin shago nake kallonsa. Nan ake tambayar farashi, nan ake neman ragi, nan ake turo shaidar biyan kuɗi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce: tana da wurin jera kaya da hoto da farashi, da saƙon maraba mai tafiya da kansa, da amsoshin da ka tanada tun farko, da alamomin da za ka raba wanda ya biya da wanda yake tunani tukuna. Iyakarta a fili take. Abin da ka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa ne yake gani. Jerin tura saƙo ga jama'a mutum 256 yake ɗauka, shi ma sai wanda ya ajiye lambarka ne saƙon zai riska. Wato a kan waɗanda ka sani kake ta zagayawa. Saboda haka kada ka kashe ko sisi a waje sai ka gyara nan. Na sha ganin tallar da ta yi kyau ta mutu saboda mai kaya ta bar saƙon safe sai bayan isha'i ta duba. Mai son saye ba ya jira, kafin ki amsa ya tura wa wata kuɗinsa.

Akwai kuma masu sayar da gurbi a sitatus ɗinsu saboda sun tara lambobi da yawa. Yana da araha, ba laifi a gwada sau ɗaya, amma a nemi su nuna adadin waɗanda suka kalli sitatus ɗin jiya, a kuma tambayi su waye mutanen. Idan yawanci ɗalibai ne a garuruwa daban-daban, mai sayar da kayan ɗaki ba shi da abin nema a can.

Facebook da Instagram

Kamfani ɗaya ne, Meta, yake da Facebook da Instagram da WhatsApp: ya sayi Instagram a 2012, WhatsApp a 2014. Amfanin wannan gare ka shi ne za ka iya yin talla a Facebook ko Instagram wadda duk wanda ya taɓa ta kai tsaye zai faɗo cikin WhatsApp ɗinka. A ganina, ga mai ƙaramin jari da yake sayar da kaya a gari ɗaya, wannan ita ce hanyar da ta fi cancantar kuɗinsa, domin cikin hanyoyin da muke magana a kansu ita kaɗai ce take ba ka ikon zaɓar unguwa, ka ga abin da ka kashe, ka kuma tsayar da ita duk lokacin da ka so.

Ƙofa biyu ake shiga. Ta farko shuɗin maɓallin Boost da ke ƙarƙashin abin da ka wallafa, wanda ake dannawa a biya kuɗi don a ƙara yaɗa shi, ta biyu kuma Ads Manager, shafin Meta na tsara talla. Boost yana da sauƙi, minti biyar ka gama, kuma sauƙin nan ne yake cin kuɗin mutane. Ana tambayarka me kake so tallar ta kawo maka, mutum ya wuce ba tare da ya duba ba. Na'urar Meta kuwa abin da ka nema take kawo maka. In ka nemi masu nuna sha'awa, za ta zaƙulo mutanen da ɗabi'arsu ita ce danna alamar so a kan duk abin da ya gifta, su cika maka shafi, aljihu kuma wayam. In ka nemi saƙo, sai ta nemo masu yawan tura wa 'yan kasuwa saƙo. Don haka ko ta wace ƙofa ka shiga, ka zaɓi saƙon WhatsApp.

Ads Manager ya fi wahalar koyo, ya kuma fi daɗin aiki a kwamfuta, amma yana ba ka damar saka hoto biyu ko bidiyo biyu su yi tsere a kan kuɗi ɗaya, ka gane wanda ya fi kawo mutane da araha. Wanda zai riƙa talla kowane wata ya daure ya koye shi. Wanda sai Sallah zuwa Sallah yake yi, Boost ya ishe shi in ya saita da kyau.

Maganar wuri ita ce inda na fi ganin ɓarna. Mai gidan abinci a titin Zoo Road ya zaɓi Najeriya gaba ɗaya, kuɗinsa ya tafi nuna wa mutanen Fatakwal hoton masa da miyar taushe. Alhali ana iya kafa alama a kan taswira daidai ƙofar shago, a zana da'irar da ta fara daga kilomita 1. Mai aski, mai wanki da guga, mai abinci, iyakarsu inda ɗan sahu ko mai babur zai kai cikin sauƙi. Mai sari a Kantin Kwari da yake aika kaya ta tasha shi ne zai buɗe hannu ya saka Kaduna, Katsina, Sakkwato, Abuja, har Maraɗi da Damagaram in yana da hanyar karɓar kuɗi da tsallakar da kaya. Gurbin zaɓar harshe kuma a bar shi fanko. Hausawa da yawa Turanci ne a saitin wayarsu, zaɓar Hausa a nan zai iya rage maka su. Ka rubuta tallar da Hausa, ko ka yi magana da Hausa a bidiyon, ita da kanta za ta tace maka jama'a.

Sai kuɗin da ba a faɗa wa mutum tun farko. Tun watan Janairun 2022 Meta take ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallar masu asusu a Najeriya. Mai iPhone kuma ya kula: tun 2024, biyan kuɗin Boost daga cikin manhajar Facebook ko Instagram yana iya jawo ƙarin kashi 30 da ke tafiya ga Apple. Hanyar kauce masa ita ce ka buɗe shafin ta burauza ko kwamfuta ka biya a can. In za ka buɗe asusun talla, ka buɗe shi da naira, irin wanda ake zuba kuɗi tun gaba, ta yadda in sun ƙare tallar ta tsaya da kanta.

Haƙuri ma yana cikin farashin. Ana duba talla kafin a sake ta, yawanci cikin awa 24. Bayan nan na'urar tana buƙatar kwanaki tana koyon irin mutanen da suke amsa maka, Meta ma ta ce tana daidaita ne bayan kusan sakamako 50, kamar saƙonni in su ka nema, cikin mako guda. Duk babban gyaran da ka yi, koyon ya koma farko. Gara naira 2,000 kullum na kwana bakwai da 14,000 a rana ɗaya.

Tsakanin su biyun kuwa, Facebook ya fi kai wa ga magidanta, mutanen karkara da masu ƙaramar waya da ke amfani da Facebook Lite. Instagram ya fi dacewa da kayan lefe, kwalliyar amare, ɗinki, kek da duk abin da ido ne yake fara saye. In kana shakka ka bar tallar ta fita a duka biyun, bayan mako ka duba inda saƙo ya fi fitowa.

TikTok

Ƙarfin TikTok shi ne yana nuna bidiyonka ga waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba, ko da ba ka da mabiya kuma ba ka biya komai ba. Rauninsa shi ne ba ka da iko a kan inda zai kai shi. Bidiyon Hausa yana iya tashi daga Kano ya sauka a Yamai, Kumasi ko Jidda. Ga mai kilishi, yaji, turare ko shadda da ake iya aikawa, wannan alheri ne. Ga mai gyaran firji a Kurna, kallo dubu ɗari daga nesa ba zai sayi ko mudun gero ba. Kuma kuɗin TikTok na gaskiya lokaci ne da data, domin sai kana ɗora bidiyo a kai a kai. Shawarata a yi shi kyauta, bidiyon da ya fi karɓuwa a can a ɗauko shi a saka masa kuɗi a Facebook da Instagram.

Masu mabiya

'Yan fim, masu barkwanci da manyan shafukan Instagram suna sayar maka da abin da Meta ba ta da shi, wato yarda. A kasuwar da ake tsoron tura kuɗi a ga shiru, fuskar da aka sani tana kwantar da hankali. Amma nan ne aka fi sayen kaya a cikin buhu. Ƙanwata ta taɓa biyan wani shafi mai ɗimbin mabiya don tallar humrarta, ba a yi maganar kwana nawa hoton zai zauna ba, washegari aka cire shi, mutum biyu kacal suka yi mata magana. Har yau ina jin zafin kuɗin nan, don jarinta ne. Kafin ka biya, ka nemi hoton bayanan shafin da ke nuna garuruwan mabiyan da jinsinsu, ka duba adadin masu kallon bidiyonsu na baya-bayan nan maimakon adadin mabiya, ku kuma rubuta kwanakin da tallar za ta zauna da ko an yarda ka sake amfani da bidiyon. A ce wa masu saye su ambaci inda suka ga tallar don samun ɗan ragi, da haka za ka ƙirga abin da ta kawo. Sau da yawa mai mabiya dubu goma da matan garinku suke jin maganarta ta fi tauraron da mabiyansa suka watsu a duniya.

In ka ɗauki wanda zai riƙa yi maka talla, ba laifi ba ne, amma shafin da asusun su kasance da sunanka. Ana iya ba shi izinin aiki ta Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci, ba tare da ka miƙa masa kalmar sirri ba. Ladan aikinsa daban, kuɗin talla daban, kuma ka riƙa ganin rasit. Duk wanda ya ce zai sayar maka da mabiya, ka rabu da shi. Ka kunna tsaro mai mataki biyu, saƙon da ke cewa daga Meta yake za a rufe shafinka in ba ka danna wani wuri ba kuwa, na ɓarayin shafi ne.

Masu magungunan gargajiya, kayan mata da mayukan sauya launin fata su sani dokokin Meta suna da tsauri a kansu, tallar da ke alƙawarin warkarwa ko ƙarin kuzarin aure ana ƙin ta, yawan maimaitawa kuma yana jawo rufe asusu. Bayan dokokin Meta, ga rajistar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, ga hukumar ARCON mai kula da talla, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON.

Abu biyu na kyauta da ake mantawa da su: saka shagonka a taswirar Google da lambar waya da lokacin buɗewa, da leƙa Ad Library na Meta, inda za ka rubuta sunan kowane shafi ka ga tallolin da yake biya a yanzu. Wadda ka ga ta daɗe tana gudana, da alama tana mayar wa mai ita kuɗinsa.

Da ni ke riƙe da naira 30,000 ɗin nan, zan kashe 14,000 a makon farko kan bidiyo biyu da na ɗauka da waya a hasken rana, da farashi a rubuce, a unguwannin da nake iya kai kaya. Zan sayi ƙaramin littafi in riƙa rubuta wanda ya yi magana, inda ya gan ni, da ko ya saya. Sauran kuɗin su bi bidiyon da ya yi nasara. Kuma tun da gwanjo ake yi wa gurbin talla, farashi yana hawa in masu nema suka yi yawa, mai kayan Sallah ya fara gwajinsa tun a Sha'aban, kada ya bari sai goman ƙarshe lokacin da teloli sun daina karɓar ɗinki.