Bakasul ɗin Fijo 504: a gyara na jiki ko a ɗauko na Beljiyam?

Alhaji, kar ka saya. Bakasul (akwatin haƙoran da ke juya tayoyin baya) ɗin Beljiyam, wato na hannu da aka ce daga Turai aka shigo da shi, da bakanikenka ke matsa maka a kai, wai don wagon ɗinka tana kuka daga baya da zarar ka wuce 60, bar wa mai shi abinsa. A buɗe wanda ke jikin motar a gyara. Duka biyun na taɓa yi a kan tawa 504 ɗin, ɗaya ne kawai nake tunawa ba tare da raina ya ɓaci ba.

Amma kafin a kwance ko noti ɗaya, ka tabbatar ma bakasul ɗin ne. Fijo tana da wani hali: furofelarta, sandar da ke kai juyi zuwa bakasul, a cikin bututun ƙarfe take tun daga giyabos har baya, shi ya sa ƙara ke bin bututun ta fito a inda ba nan ciwon yake ba. Sai ka rantse daga but take fitowa, alhali a ƙarƙashin kujerarka take. Ka samu titi mai kyau da sassafe, ka kashe rediyo, ka sa yaro ya zauna a kujerar can baya ya kasa kunne. Ka kai ta gudun da take kukan, sannan ka ɗaga ƙafa daga totur. In kukan ya sauya murya ko ya ɗauke, ka sake takawa ya dawo, to haƙoran cikin bakasul ne ko boris ɗin finiyon, ƙaramin haƙorin da furofela ke juyawa. In kuwa ko ka taka ko ka saki, ko ka sa ta a firi, gurnanin yana nan yadda yake, gudu kawai yake bi, ka zargi boris ɗin ƙafa ko ma tayar kanta. Ka ɗan karkata sitiyari dama da hagu: in ƙarar ta ƙaru lokacin da ka yi dama, boris ɗin hagu ne, don a kansa nauyi ya koma. Sai giya. In tana kuka a ta biyu da ta uku amma ta yi tsit a ta huɗu, giyabos ne, domin a ta huɗu juyin inji kai tsaye yake wucewa. Wancan "ƙas" ɗin da ake ji in an saki kuloci ko an taka totur ba zato, shi kuma sau da yawa haƙoran bakin furofela ne suka cinye, ko kuros, gaɓar furofela da ke bayan giyabos. Sabon bakasul ba ya maganin ciwon taya, giyabos, furofela ko kuros.

Tawa kukan sakin totur take yi, wani siririn "wuuu" kamar ana busa a bakin kwalba, musamman a gangara. Wani dattijon bakanike aka haɗa ni da shi, irin waɗanda suka tashi a kan Fijo tun ana harhaɗa ta a Kakuri da ke Kaduna. Bai ko tambaye ni labari ba. Ya shiga ƙasa ya kwance notin zubar da mai, ya tara faranti, ya shafa man a tafin hannu ya fito rana yana kallo. Ya nuna min ɗan ƙyalƙyali mai laushi kamar kwalli, ya ce wannan ba komai, tsufa ne. Ɓarɓashin da yatsa zai ji shi ne mugun labari, kuma babu. Da aka buɗe, haƙoran kurawun (babban farantin da finiyon ke juyawa) da na finiyon sumul suke, boris biyu na finiyon ne suka yi sako-sako, ga sil ɗin da ke tare mai yana yoyo, man ya ragu.

Abin da ya sa na sallama masa shi ne haɗawar. Ya shafa shuɗin fenti a haƙoran babban farantin, ya juya da hannu, ya duba inda finiyon ya bar sawu. Sawun ya yi gefe. Ya sake kwancewa, ya sauya shim, siririn zoben ƙarfe da ake daidaita zaman haƙoran da shi, ya mayar, ya sake shafawa. Sau huɗu. Ni ina kan benci ina duba agogo, shi ko a jikinsa, har da tashi ya yi La'asar ya dawo. Sai da sawun ya zauna a tsakiyar haƙori sannan ya ce a rufe. Kwana biyu motar ta yi a garejinsa, kuɗin boris da sil da mai da na hannunsa duka bai kai abin da na taɓa zubarwa a kan na Beljiyam ba. Tun daga ranar ta je Jos ta dawo, ta je Maraɗi da kaya har saman rufi, ban sake jin wannan busar ba.

Na Beljiyam kuwa, amfaninsa ɗaya: da safe a ɗora, da yamma ka tafi da motarka. In kwanson naka ya fashe ko ya lanƙwashe, ko haƙori ya ɓalle, to dole ce, ba yadda za ka yi.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka. Turai ta daina ƙera wa kanta 504 ta fasinja tun cikin shekarun 1980, mu nan Kaduna muna cikin waɗanda suka ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. To wace Beljiyam ce har yau take da tarin bakasul ɗin 504 masu ɗanɗanon sabunta? Yawancin abin da za a nuna maka na gida ne, daga motar haya da ta gama cin duniya tsakanin Kano da Legas, an wanke da fetur an fesa baƙin fenti. Wanda na saya kafin in haɗu da dattijon nan sati uku ya yi shiru. Da ya fara kuka muka zubar da man, sai ga giris mai kauri an dama da garin katako, abin da ya toshe masa baki ke nan. Na koma wurin mai kayan, ya ce ai shi ma haka ya saya. Allah ya isa kawai na yi, na sa aka mayar min da tsohona, da ma ban bari an sayar da shi ga 'yan gwangwan ba. Kai ma ko me za a yi, kar ka bar naka a gareji. Akwai yaran da za su ce maka ya mutu, jibi ka gan shi da sabon fenti.

In har ta kama dole sai ka saya, a zubar da man a gabanka, a buɗe ka ga haƙoran da idonka, a ƙirga su a gwada da naka. Na a-kori-kura lissafin haƙoransa daban ne, don jan kaya aka yi shi. In ma aka yi dabara ya shiga, za ka ji inji yana ihu a 80 mai yana zurarewa. Kuma kar kowa ya kawo maka zancen 404, salun ɗinta wani irin haƙori ne da ita mai farantin tagulla, har man da take sha daban.

Ka nemi tsohon hannu wanda ya san shim, ba mai guduma ba. Tambaya ɗaya za ka yi masa: yaya zai gane haƙoran sun zauna daidai? In ya ce da kunne, ɗauki motarka ka yi gaba. Boris ka sayo da kanka, mai suna, ka tafi da tsohon a hannu don lambar da ke jikinsa. Man bakasul kuma lamba 90 na haƙoran baya, mai warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ba ragowar baƙin man inji ba. A cika har ya fara dawowa ta ramin zubawa, mota tana kan daidai.

Yi gwajin titin nan gobe in Allah ya kai mu, ka dawo ka faɗa mana ko a takawa take kukan ko a saki.