Sharhi: zagayen da na biya don bin sawun Yahudawa masu zane da sassaƙa a Paris

Idan tambayar ita ce ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amsata ita ce ta biya, amma ba ta inda tallan ya nuna ba. Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ne a Paris yake shirya zagayen: rabin yini, wani wurin a ƙafa wani wurin a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jagora mace mai bayani da Faransanci. Abin da suke sayarwa shi ne labarin Yahudawan da suka kwararo unguwar Montparnasse a farkon ƙarni na 20 don neman sana'ar zane da sassaƙa. Sunan Marc Chagall da na Amedeo Modigliani suka rubuta da manyan baƙaƙe a shafinsu, su ne kuma suka ja ni. Sai dai waɗanda suka zauna min a rai bayan an tashi su ne Chaïm Soutine da Chana Orloff.

Bari in fara da abin da ya sosa min rai. Kamfanin ya rubuta cewa za a ziyarci La Ruche, gidan da yawancin mutanen nan suka fara sauka. A bakin ƙofar ƙarfe muka tsaya muna leƙe. Har yau masu zane suna zaune suna aiki a ciki, ba a shiga haka kawai, kuma wannan daidai ne. Amma ya kamata a faɗa wa mutum kafin ya biya. Ga shi mun yi yawa, ba a kuma ba mu na'urar sauraro ta kunne ba, duk wanda ya faɗa sahun baya rabin bayanin ya wuce shi.

Duk da haka, a bakin ƙofar nan jagorar ta nuna ta san aikinta. Wani mai sassaƙa Bafaranshe, Alfred Boucher, shi ya buɗe gidan a 1902. Ya sayi ragowar gine-ginen babban baje kolin Paris na 1900, ya harhaɗa su, ya yanka ƙananan ɗakuna yana ba wa masu zane haya da araha, wanda ya kasa biya ma ba ya korarsa. Kamar zango yake: baƙo ya sauka daga jirgi ba ya jin yaren gari, a hannunsa takarda mai adireshi ɗaya, ya iske waɗanda suka riga shi suna magana da harshen gidansu, wato Yidish. Yawancinsu daga daular Rasha suka fito, inda doka ta killace Yahudawa a yankunan yamma, ta ƙayyade yawan waɗanda za su shiga manyan makarantu, ga hare-haren da ake kai wa unguwanninsu lokaci zuwa lokaci. Faransa kuwa ta ba Yahudawa 'yancin zama 'yan ƙasa tun 1791. Ba wai babu ƙiyayya a can ba, don sai a 1906 aka wanke Kyaftin Dreyfus, hafsan soja Bayahude, daga ƙagen cin amanar ƙasa, amma aƙalla mutum zai iya kama ɗaki ya shiga makaranta.

Kusa da gidan akwai lambun shaƙatawa wanda a da mayankar Vaugirard ce. Chagall, ɗan Vitebsk da aka haifa a 1887, yana jin kukan shanu daga can yana zane da dare. Labarinsa ta ratsa da sauri, ban kuma ga laifinta ba, domin shi ya yi tsawon rai har 1985, ya ga ɗaukaka da idonsa, har ya zana rufin gidan opera na Paris a 1964. Ko'ina mutum zai sami labarinsa.

Inda na ga an ɓata lokaci shi ne mahaɗar Vavin, gaban gidan gahawa na La Rotonde. Nan aka daɗe kan shaye-shayen Modigliani da soyayyarsa da mutuwarsa a 1920 yana da shekara 35, da yadda masoyiyarsa Jeanne Hébuterne ta bi shi lahira tana ɗauke da ciki. Labari ne mai taɓa zuciya, jama'a kuma suna sonsa. Amma mutumin nan ɗan Livorno ta Italiya ya yi shekaru yana sassaƙa kawuna da dutse kafin rashin lafiya da tsadar dutse su mai da shi ga zane, kuma dogayen fuskokin nan da siririn hanci da idanu marasa ƙwaya suna da alaƙa da sassaƙe-sassaƙen Afirka da ya gani a Paris. Dillalinsa ma, Paul Guillaume, fataucin kayan sassaƙar Afirka yake yi. A jimla ɗaya aka wuce wannan. Ni da na fito daga nahiyar na so a tsaya a kai.

A maƙabartar Montparnasse, inda kabarin Soutine yake, nan ne zagayen ya kama jikinsa. Soutine ɗa na goma ne cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na wani matalaucin tela a ƙauyen Smilavichy kusa da Minsk. A al'ummar da ya tashi, zana siffar mutum abu ne da masu riƙo da addini suke ƙyama. Ana ba da labarin cewa ya zana wani dattijo, aka yi masa dukan kawo wuƙa, kuma diyyar da aka biya ita ta kai shi koyon zane a birni. Wannan bai zame min baƙon abu ba, domin mu ma muna da tamu doguwar muhawara kan hoto da sassaƙa. Na ce mata, "Madam, to ya bar addinin ne?" Ta ce ba ta da ikon shiga zuciyarsa, abin da ta sani shi ne bai zana wuraren ibada ko malaman Yahudawa yadda Chagall ya yi ba, kaji da aka fige da naman sa da yaran otel ya zana. Na ji daɗin da ba ta ƙaga min amsa ba.

Ya iso Paris a 1913, ya yi shekaru cikin yunwar da ta bar masa gyambon ciki. Daga ƙarshen 1922 zuwa farkon 1923 wani attajiri Ba'amurke, Albert Barnes, ya sayi zanensa sama da 50, talaucin ya yanke kusan dare ɗaya. Wajajen 1925 ya rataye gangar jikin bijimi a ɗakin aikinsa yana zanawa, don ya ga irin wannan zanen na fitaccen mai zane Rembrandt a gidan tarihi na Louvre, yana zuba masa jini don kada launin ya dushe, har wari ya sa maƙwabta suka kai ƙara. Da Jamus ta mamaye Faransa sai ya shiga ɓuya a ƙauyuka. A watan Agusta 1943 gyambon ya fashe, aka bi da shi ta ɓoyayyun hanyoyi zuwa Paris don kauce wa shingayen bincike, aka yi masa tiyata a makare, ya rasu. Mutane kaɗan suka raka gawarsa, Picasso na cikinsu.

Zagayen bai haɗa da ganin zanensa ba, don haka na je gidan adana zane-zane na Orangerie da kaina, inda suke da guda 22. Akwai na wani yaro mai yin kek, yana zaune kan kujera cikin fararen kayan aiki, kunnensa ɗaya ya yi fatan-fatan, ya damƙe jan ƙyalle da hannu biyu. Idan ka matsa kusa sai ka ga farin rigar ba fari ba ne: akwai shuɗi da rawaya da toka a ciki, fentin ya yi kauri har sawun buroshi ya fito. Waya ba ta nuna wannan. Wanda ya ji labarin yunwar Soutine kafin ya tsaya gaban yaron, kallon da zai yi masa daban ne, a nan kuma na ga amfanin kuɗin da na biya.

Zango na ƙarshe shi ne wani lungu mai suna Villa Seurat, gidan Chana Orloff, kuma nan an shiga. An haife ta a Yukren a 1888, iyayenta suka ƙaura zuwa Falasɗinu a 1905, ita kuma ta zo Paris a 1910 don koyon ɗinki, sai ta ɓuge da sassaƙa. Mijinta ya mutu a annobar mura ta 1919 ya bar ta da jariri. Da kuɗin sassaƙa fuskokin mutane ta riƙe kanta, har a 1926 ta sa mai tsara gine-gine Auguste Perret ya gina mata gida haɗe da ɗakin aiki. Tagogin dogaye ne, haske na zubowa daga sama kan kawuna da mutum-mutumai na katako da tagulla da siminti, an jera su kusa da juna har sai ka tattare jakarka kana wucewa. Abin da ya fi kama ni su ne siffofin uwa da ɗa: babu ado, kafaɗa da hannu da kan yaro sun zama dunƙule guda mai santsi. Soutine maƙwabcinta ne a wannan lungun a ƙarshen shekarun 1930.

A watan Yuli 1942, gab da kamen da 'yan sandan Faransa suka yi wa Yahudawa kusan 13,000 a Paris, an tsegunta mata, ta bar gidan, daga baya ta tsallaka Suwizalan da ɗanta. Ta dawo a 1945 ta tarar an wawashe ɗakin aikin, sassaƙe sama da 100 sun ɓata ko an farfasa su. Ta sake ɗaukar kayan aiki, ta ci gaba har rasuwarta a 1968. Guda ɗaya daga cikin waɗanda aka sace, siffar ɗanta yana ƙarami da ta yi da katako, sai a 2023 ta koma hannun jikokinta. Wasu ba su tsira ba: masu sassaƙa Otto Freundlich da Moïse Kogan duk an kashe su a sansanonin 'yan Nazi a 1943. Jagorar ta kira sunayensu a tsaye muna shirin fita, don lokaci ya ƙure. Da an rage na La Rotonde, da sun sami haƙƙinsu.

Wanda zai je, ya tambayi kamfanin tun kafin ya biya: mutum nawa ne a rukuni, kuma shiga gidan Orloff na cikin kuɗin ko a'a, don gidan ba kullum yake buɗe ba. Sai mai jin Faransanci sosai zai more, 'yan'uwanmu na Nijar ba za su sha wahala ba. Ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya kuma ware wani yinin daban don Orangerie da gidan tarihin Yahudawa da ke titin Temple a unguwar Marais, domin tikitinsu ba ya cikin kuɗin zagayen.