Oktoberfest ko Kasuwar Kirsimeti ta Nurembag: Ina Za a Kai Yara?

Mai ƙananan yara a Jamus, idan yana son su ga bikin gargajiyar ƙasar, wurare biyu ake yawan nuna masa.

Oktoberfest na birnin Munik ya samo asali tun 1810, ana fara shi a tsakiyar Satumba. Mutum wajen miliyan 6 ke halarta, kuma giya ce ƙashin bayansa. Akwai lilo da wasanni birjik, ranar Talata ma ana rage wa iyalai kuɗi. Amma dokokinsa sai an kiyaye: ba a shiga da keken tura jariri ranar Asabar, sauran ranaku kuma daga ƙarfe 6 na yamma an hana. Da rana ta yi, turmutsitsi sai ya tsananta, ga mashaya suna tangaɗi, yaro ɗan shekara 3 ba abin da yake gani sai gwiwoyin mutane.

Ni kam na fi karkata ga Nurembag. A can an ware wa yara dandalinsu a Hans-Sachs-Platz, da lilon dawakin katako da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, da rumfunan da yara suke gasa biskit da hannunsu. Uwa tana tsaye tana ganin ɗanta. Matsalar ita ce sanyin Disamba mai shiga ƙashi, duhu kuma tun kafin ƙarfe 5, don haka a tanadi safar hannu da hula.

Musulmi ya lura, tsiran Nurembag da ya yi suna naman alade ne, ruwan inabin da ake sayarwa da zafi kuma giya ne. A nemi Kinderpunsch, wato abin sha mai zafi na 'ya'yan itatuwa da ake yi wa yara, shi ba ya bugarwa.