Teburin mutum shida da na tara: abin da ke canzawa a gasar foka ta intanet

Ɗan'uwa, ka ce a gasar Texas Hold'em ta teburin mutum tara kana yin nisa, amma da ka koma ta mutum shida sai ƙwandalolinka su narke tun ba a je ko'ina ba, alhali salon da ka saba da shi kake bi. To ai salon nan da ka saba shi ne ke cin ka. Ka kuma ce gasar kyauta kake bugawa, ta ƙwandalar wasa, kuma a kan haka nake amsa maka. Da zarar kuɗi na gaske ya shiga, abin ya zama caca, hukuncinta kuwa a addini ba ɓoyayye ba ne, ba na so wani ya ɗauki bayanina ya kai shi can.

Kartar dai ɗaya ce a tebura biyun: kati 52, kowa biyu a hannu, biyar a tsakiya. Katin A (Ace, mafi girma) guda biyu za su zo maka sau ɗaya cikin rabo 221, ko mutum nawa ne a zaune. Abin da ya raba su shi ne saurin da zubin dole (ƙwandalar da mutum biyu ke zubawa bi da bi kafin a raba kati, ƙaramin zubi da babba) yake zagayowa kanka, da kuma yawan mutanen da ke bayanka lokacin da za ka yanke shawara.

Zubin dole kamar kuɗin haya ne, a teburin shida mai gida ya fi yawan ƙwanƙwasa ƙofa. A ce ƙaramin zubi 400 ne, babba 800, anti (ɗan zubin da kowa ke yi a kowane rabo) kuma 100 kan kowane mutum, kai kuma kana da ƙwandala 18,000. A teburin tara, zagaye ɗaya zai ci maka 2,100 cikin rabo tara, wato kusan 233 a kowane rabo. A teburin shida zagaye 1,800 ne kacal, sai ka ga kamar ya fi sauƙi, amma cikin rabo shida ake karɓe shi, 300 ke nan a kowane rabo. In ka naɗe hannu kana jiran kati mai kyau, can za ka kai rabo 77, nan kuwa 60 ka ƙare. Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar duniya ta WSOP a 1995, ya yaɗa wani ma'auni da ake kira M: ka raba ƙwandalolinka da kuɗin zagaye ɗaya. Shi da kansa ya ce in teburi bai cika ba a gyara lissafin, a ninka M da yawan 'yan wasa a raba da goma. A misalinmu M ɗinka a teburin shida 10 ne a ido, amma 6 ne a gaskiya, na teburin tara kuwa 8.6 ne da ya koma 7.7. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, suna ganin suna da sarari alhali lokaci ya ƙure.

Batun mutanen baya shi na fi so ka riƙe. Ka ɗauki teburin shida a matsayin teburin tara wanda mutum ukun farko sun riga sun yar da katinsu. Wanda ya fara magana a teburin tara yana da mutum takwas a bayansa, na teburin shida biyar, mai kujerar rabo (wadda ke gab da zubin dole biyun) kuwa biyu ne kawai a ko'ina. Ɗauki A da 10. Hannuwan da suka danne shi sosai su ne A da J, A da Q, A da K, da tagwaye (kati biyu masu lamba ɗaya) daga 10 zuwa A. Yiwuwar mutum ɗaya ya riƙe ɗayansu kusan kashi 5 cikin ɗari ne. Da mutum takwas a baya, kusan sau ɗaya cikin uku wani na riƙe da irinsu. Da biyar, ya ɗan haura ɗaya cikin biyar. Da biyu, ɗaya cikin goma. Shi ya sa A da 10 masu launi daban a kujerar farko ta teburin tara abin yarwa ne ba tare da nadama ba, a kujerar farko ta teburin shida ana buɗe wasa da shi, a kujerar rabo kuwa babban kati ne.

Kada ka fahimci wannan da cewa teburin shida wurin hauka ne. Ina ganin masu yin haka, su ji an ce a sake jiki sai su riƙa shiga da K da 5 daga kowace kujera. A'a. Kujera mai mutum biyar a baya, katin da ya dace da ita ɗaya ne a tebura biyun. Kujerun da ake ɗaure hannu a cikinsu ne kawai babu a teburin shida, don haka rabin lokacinka kana kan kujerar rabo ne ko a zubin dole biyun, inda faɗan yake.

Faɗan kuwa na kwashe zubi ne. In ka ɗaga zuwa 1,600 don ka kwashi 1,800 ɗin da ke tsakiya, muddin abokan wasa suna yar da kati sau 47 cikin ɗari ka mayar da kuɗinka, ko da katinka bai taɓa ci ba. In kuma kai ne kan babban zubi aka ɗaga maka haka, 800 za ka ƙara don neman 3,400, kashi 19 cikin ɗari na nasara ya ishe ka a lissafi. A teburin tara kana iya sakaci da wannan kujera ka tsira, tunda sau ɗaya cikin tara take zuwa. A teburin shida in aka gane kana sakin zubinka, kowa zai riƙa ɗaga maka.

Bayan an buɗe kati ukun farko ma akwai bambanci. Hannun da ba tagwaye ba yana dacewa da ɗaya daga cikinsu kusan sau ɗaya ne cikin uku. A teburin tara, wanda ya buɗe daga kujerar farko yawanci babban kati ne da shi, tagwayen da ka haɗa da katin tsakiya cikin ukun ba su da ƙarfi a gabansa. A teburin shida, inda galibi ku biyu ne kuka rage kuma kowa ya shigo da kati iri-iri, tagwayen nan sukan isa a bi mutum sau ɗaya ko biyu. Kuma da yake mutum biyar ɗin nan kake ta karawa da su, cikin ɗan lokaci za ka gane mai tsoro da mai ƙarya, su ma su gane ka. Wannan karatun mutane ne ya sa ƙwararru ke son irin teburin. A irinsa Doyle Brunson ya ci kambunsa na goma na WSOP a 2005.

A ƙaramar gasa ta teburi ɗaya, rabon lada ma ya sha bamban. Ta mutum tara yawanci uku take biya, kashi 50, 30 da 20. Ta mutum shida biyu ne, kashi 65 da 35. Saboda haka wurin da ya fi zafi a ta shida shi ne in kun rage ku uku: mai yawan ƙwandala ya matsa lamba, mai matsakaici ya guji karo da shi muddin akwai wanda ke dab da fita, mai kaɗan kuma kada ya jira. In abin da ke gabanka bai wuce babban zubi goma ba, ka daina ɗagawa kaɗan-kaɗan, ko ka tura duka ko ka yar, kuma gara ka zama kai ne ka fara turawa da a tura maka kana amsawa.