Aikin masu goge tarazo: wanne ne gyara, wanne ne kyan ɗan maciji

Gidaje da dama da aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1980 a Kano, Kaduna, Zariya da Jos suna da daɓen tarazo a falo ko a baranda, haka ma tsofaffin makarantu, asibitoci da masallatai. Daɓen yana nan daram, sai dai ya dushe, ya yi dabbare-dabbare, ko sau nawa aka wanke ba ya haske. Daga nan ne maigida yake neman masu goge tarazo. Sana'a ce da ta cancanci kuɗinta, domin daɓen da ya haura shekara 40 yana iya komawa kamar jiya aka zuba shi. Matsalar ita ce aiki iri biyu ake sayarwa da suna ɗaya, kuma a ranar da aka kammala, ido ba ya bambance su.

Tarazo tsakuwar dutsen mabul ce, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, a kwaɓa ta da siminti fari ko mai launi, a shimfiɗa a kan daɓen kankare, a raba shi gida-gida da siririn tagulla, gilashi ko roba don kada ya tsage yadda ya ga dama. Kaurin wannan shimfiɗa ta sama bai cika wuce milimita 12 zuwa 16 ba. Abin da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne, da mabul ɗin da simintin duk abincin asid ne. A ɗiga ruwan khal ko lemun tsami a wani lungu da ba a gani, a sunkuya a duba: za a ga ƙananan kumfa na tashi. Dutsen ne yake narkewa.

Aiki na farko, mai araha, na yini ɗaya ne. Za su zo da jarkar asid mai hayaƙi da warin da ke shaƙe maƙogwaro, su tsarma da ruwa, su watsa, su dirje da burushi, su ɗauraye, sannan su shafa folish mai kaki su bi da inji ko tsumma. Da magariba falo yana ɗaukar ido, maigida ya biya har da tukuici. Abin da ya faru a zahiri shi ne asid ɗin ya cinye fatar daɓen tare da dauɗar da ke kanta, shi ya sa aka ga fari. Ya fi cin siminti fiye da tsakuwa, musamman inda aka gauraya da baƙar tsakuwar dutse mai tauri, sai kowace ƙwaya ta ɗan ɗago, kewayenta ya rarake. Kakin ne ya rufe wannan kaushin na ɗan lokaci. Da hunturu ya shigo, ƙura ta manne wa kakin, ya koma rawaya-rawaya, hanyar da aka fi bi daga ƙofa zuwa ɗaki ta yi baƙin layi. In kakin ya goge, daɓen da ke ƙasa ya fi na da shan datti, tunda an buɗe masa ƙofofi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ga kuma santsi: ƙafar da ta fito daga alwala a kan kaki, tsoho ko mai juna biyu na iya shan ƙasa.

Aiki na biyu shi ne na gaskiya, kuma ba ya ƙarewa ƙasa da kwana uku zuwa biyar ko da falo ɗaya ne. Injin gurza ne mai nauyi, ana ɗaura masa duwatsu ko fayafayan lu'ulu'u a ƙasa, ana aiki da ruwa. Kowane dutse yana da lamba, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ana farawa da 30 ko 36 in daɓen ya lalace sosai, ko 50 zuwa 60 in dushewa ce kawai, don a zaftare saman da ya mutu, abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Sai 100 ko 120. A nan ake dakatawa, domin gurzar ta tono ƙananan ramuka kamar hudar allura waɗanda iska ta bari tun ranar zubi. Ana kwaɓa siminti ruwa-ruwa mai launi daidai da na daɓen, a cusa shi cikin ramukan da cokalin magina ko faffaɗar roba, a bar shi da danshi kwana biyu zuwa uku ya kama. Wannan matakin ne masu gaggawa suka fi tsallakewa, kuma shi ne dalilin da ya sa wani daɓen, bayan wata biyu, za ka gan shi da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa masoro. Bayan cikon ya kama sai a ci gaba: 200, 400, 800. A 400 an samu santsi marar ƙyalli, wanda ya fi dacewa da baranda, kicin da duk inda ruwa ke zuba. A 800 haske ya fara fitowa. Mai son ya ga fuskarsa a ƙasa sai a kai shi 1500 ko 3000.

Ba a tsallake lamba. Kowane dutse aikinsa share karcen wanda ya gabace shi ne, saboda haka in aka tashi daga 60 aka faɗa 400, za a samu ƙyalli a kan zane-zanen da'ira da ba za su taɓa fita ba. Hanyar kama wannan mai sauƙi ce: da dare a kashe fitila, a kwantar da tocila a ƙasa haskenta ya bi daɓen a kwance. Duk karce, duk tudu da kwari za su fito fili. A yi wannan gwajin kafin a biya cikon kuɗi, a kuma duba gefen bango, bayan ƙofa da matakala, domin babban inji ba ya isa can, sai da ƙaramar giranda ta hannu, kuma a nan ake gane mai haƙuri da mai neman a sallame shi.

Akwai wani farin gari kamar gishiri da ƙwararru suke amfani da shi a ƙarshe, asid ɗin okzalik. Kada sunan ya sa a ɗauka ɗaya suke da na jarka. Kaɗan ake barbaɗawa, a yayyafa ruwa, a murza da inji kafin ya bushe, a ɗauraye sau biyu ko uku. Yana ƙara wa mabul haske maimakon ya rarake shi. Amma in aka bari ya bushe a wuri ɗaya yakan ƙona daɓe, musamman mai duhun launi, kuma guba ne, sai da safar hannu, a kuma nisanta shi da yara.

Mataki na ƙarshe shi ne maganin toshe ƙofofin daɓe, wanda masu aikin ke kira sila. Mai kyau shi ne wanda yake nutsewa cikin siminti, ba wanda yake yin fata a sama kamar fenti ba; mai fatar yana ɓarewa. Sai daɓe ya bushe sarai, kwana ɗaya zuwa biyu da rani, fiye da haka da damina. A shafa siriri, a goge rarar da busasshen tsumma cikin minti 10 zuwa 15, in ba haka ba ya bar danƙo. In aka shafa a kan danshi, farin hazo zai fito a ƙarƙashi. Sabon zubi kuwa a ba shi kamar sati huɗu tukuna.

Kafin a yi ciniki, tambayoyi kaɗan sun isa a tace masu aikin. Da lamba nawa za ku fara, a nawa za ku tsaya? Za ku yi ciko? Da ruwa za ku gurza? Wanda ya ce asid zai fara zubawa "don ya jiƙa dattin", a yi masa godiya a sallame shi. Gurza a bushe kuma ƙura ce mai lahani ga huhu, tana shiga ko'ina har cikin tukwane. Farashi a yi shi a kan murabba'in mita, a auna tare da su da tef, a fayyace ko gefen bango, matakala, siminti da sila suna ciki. A tambayi wa zai kawo janareto da mai, domin ƙaramin janareton gida ba ya jan injin. A lura da wayar wutarsu, tunda a cikin ruwa suke tsaye. Farin taɓon da ke fita daga gurzar kuma a kwashe shi a bokiti a zubar a waje. In ya shiga magudanar banɗaki zai kwanta ya daskare, sai an kira mai gyaran famfo.

Ba kowane daɓe ne kwalliyarsa za ta biya kuɗin sabulu ba. A bi shi da mabuɗi ko guntun ƙarfe ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, shimfiɗar ta rabu da kankaren ƙasa, nauyin inji zai farfasa ta. Sai dai a sare wannan gidan daga tagulla zuwa tagulla a sake zubi, kuma launin ba zai zo daidai ɗari bisa ɗari ba. Inda farin gishiri yake fitowa kullum ko bayan an share, ruwa ne ke tasowa daga ƙasa ko bututu ya fashe, gurza ba ta maganin wannan. Tsaga siririya ana iya cike ta da gam mai ƙarfi na efoksi da aka rina, amma tsagar da ke ƙara buɗewa kowace damina maganar tushen gini ce. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, gyaran tarazo ya fi lulluɓe shi da tayil, wanda ke ɗaga ƙasa har sai an yanke ƙofofi, ga shi yana fashewa in tukunyar gas ta faɗo masa.

Bayan masu aiki sun tafi, ragowar aikin na mutanen gida ne, kuma a nan ake ɓata yawancin daɓen da aka kashe wa kuɗi. Babban abokin gabarsa yashi ne. Ƙwayar yashi ta fi mabul tauri, duk takalmin da ya taka ta tamkar an goga takardar yashi ne. Tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, shara da tsintsiyar laushi kullum, sau biyu a lokacin hunturu, sun fi kowane sinadari amfani. Wanki sau ɗaya ko biyu a sati ya wadatar: cokalin shayi ɗaya zuwa biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke a bokiti mai lita 10. Bokiti biyu ake so, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya, a matse mofa sosai, a bi da busasshen tsumma. Busarwar tana da muhimmanci ga masu ruwan burtsatse, domin yakan bar farin shafi in ya bushe da kansa. Omo kullum yana dusar da haske, yana cinye sila, kuma in bai narke ba yana karce. Sosan ƙarfe, toka da yashi ba nasu ba ne nan. Maganin wanke masai irin mai kauri, yawancinsa asid ne, ɗigonsa kaɗai yana barin tabo mai kaushi a daɓen banɗaki. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da bilic, iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum.

Tabo kuwa kowanne da maganinsa. Zoɓo, lemo, tsamiya da fitsarin yaro duk masu tsami ne, a dangwale su nan take da tsumma, kada a shafa su faɗaɗa. Manja, man gyaɗa ko baƙin mai da ya riga ya nutse, ana janyo shi ne ba dirza ba: a kwaɓa bekin soda ko farar ƙasa da ruwa ya yi kaurin tuwo mai laushi, a lafta kaurin rabin santimita ya zarce bakin tabon, a rufe da leda a manne gefenta da salatif, a bari kwana ɗaya, a cire ledar ya bushe, a kankare da roba. Tsohon tabo yana iya neman zagaye biyu ko uku. Jan goro, shayi da lalle sun fi jin ruwan haidirojin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis, mai kashi 3 ko 6 cikin 100: a jiƙa auduga a ɗora, a rufe, a duba bayan awa biyu, amma a fara gwadawa a lungu in simintin mai duhu ne, domin yana koɗe launi. Tsatsar ƙafar gado ko gindin tukunyar gas ita ce mai taurin kai, tunda yawancin magungunan tsatsa na kasuwa asid ne. A nemi wanda aka rubuta cewa na mabul ne, ko a bar wa mai inji ya gurje wurin, sannan a sa roba ko katako a ƙarƙashin duk wani ƙarfe.

Sau ɗaya a shekara, gwamma bayan damina, a zuba ruwa cokali ɗaya a hanyar da aka fi bi. In ya tsaya a dunƙule na minti biyar, sila tana nan. In wurin ya yi duhu, a wanke, a bari ya bushe, a sake shafawa. Wannan ba ya buƙatar inji ko ɗan kwangila, tsumma da galan ɗaya na sila sun isa falo.