True Beauty: Dalilin da Ya Sa Na Tsaya a Kashi na 9

Kashi 9 na kalla cikin 16 na ajiye. Sauran bakwai ɗin sun yi mako biyu a wayata suna cin wuri kafin na goge su. Ba al'adata ba ce barin fim mai dogon zango a tsakiya, balle na Koriya ta Kudu da na daɗe ina bi, shi ya sa nake son in faɗi abin da ya raba ni da wannan.

Tashar tvN ce ta haska True Beauty, wato kyan gaskiya, daga Disambar 2020 zuwa Fabrairun 2021, an kuma ciro labarin daga wani littafin zane na intanet da wata mai zane da ake kira Yaongyi ta fara fitarwa a 2018. Ni na makara. Sai a dogon hutun da ya wuce na karɓo shi wurin mai tura finafinai na bakin layinmu, da fassarar Turanci a ƙasan hoto, muka riƙa kallo ni da 'yar yayata mai shekara 14 da ta zo mana hutu. Kullum bayan isha'i mu jingina wayar da filo mu kalli kashi ɗaya, in akwai caji mu ƙara, ga shi kowane kashi ya haura awa ɗaya.

Labarin wata 'yar sakandare ne, Lim Ju-kyung, wadda 'yan ajinsu suka sa a gaba saboda kamanninta. Su aike ta, su yi mata dariya, har suka ɗauki bidiyonta a lokacin da aka wulaƙanta ta suka yaɗa. Da mahaifinta ya faɗa hannun 'yan damfara gidansu ya salwanta, sai suka koma tsohuwar unguwarsu. Kafin ta shiga sabuwar makaranta ta zauna ta koyi kwalliya a intanet har ta ƙware, ranar da ta shiga aji kuwa kowa ya saki baki. Daga nan rayuwarta ta koma ɓoyo: kada wanda ya ga fuskarta babu hoda.

Kashin farko ya taɓa ni sosai, ba zan rage masa komai ba. Wurin da ta hau saman bene da dare, ta cire tabaraunta, tana ganin rayuwa ta ishe ta, na ji shi har cikin ƙirjina. Moon Ga-young, wadda ta fito a matsayin Ju-kyung, ta iya wasa. Ta san yadda yarinyar da aka saba yi wa dariya take tafiya, kafaɗa a sunkuye, tana riga masu dariyar yin murmushi don abin ya zo mata da sauƙi. Gidansu ma ya yi daɗin kallo, uwa mai faɗa da ke riƙe da gida da shagon gyaran jikinta, uba mai sanyin hali, ga yayarta Hee-kyung da ta ga malamin makaranta ta ce tana so, ta kuma bi shi kai tsaye ba kwana-kwana. Duk inda Hee-kyung ta fito sai na gyara zama.

To ina matsalar? Ta fara ne daga fuskar da aka ce mana ita ce mummuna. Abin da masu shirin suka yi shi ne suka ɗauko kyakkyawar 'yar wasa, suka ɗiga mata jan tabo a kumatu, suka cika mata gira, suka sa mata tabarau. Shi ke nan munin. Hancinta yana nan, idonta yana nan, dirinta yana nan. Duk yarinyar da ke da ƙuraje na gaske, ko faɗin fuska, ko ƙiba, idan ta kalli wannan sai ta tambayi kanta: in wannan ce mummuna, ni mece ce? Da a ce sun yi ƙarfin halin ba wa mai kamanni irin na kowa wannan matsayi, da fim ɗin ya zama wani abu daban.

Sai kuma yadda kyamara ke ɗaukar ta, wanda shi ya fi damuna. Idan ta fito da kwalliya, sai a rage gudun hoto, haske ya zubo ta bayanta, gashi na kaɗawa, kiɗa mai taushi ya tashi. A kawo jambaki da hoda dab da ido kamar ana talla. Idan kuwa fuskarta a wanke take, yawanci lokacin barkwanci ne ya zo: ta ruga, ta faɗi, ta rufe fuska da duk abin da hannunta ya kai, a sa sautin ban dariya. Baki yana cewa kyan gaskiya na zuciya ne, amma idon mai kallo wani karatun ake koya masa. Sunan fim ɗin ma da Koriyanci bai ɓoye ba, ma'anarsa saukowar allahiya. Ni kaina na lura duk lokacin da ta gama kwalliya sai in ji hankalina ya kwanta, kuma ban ji daɗin gano haka ba.

Za a ce ai Lee Su-ho, ɗan sabon ajinsu, ya san fuskarta ta asali kuma ya so ta a haka. Gaskiya ne, zamansu a shagon littattafan zane, tana sanye da kayan gida tana neman labaran ban tsoro da take so, yana cikin wurare masu daɗi. Amma wa ke fitowa a matsayin Su-ho? Cha Eun-woo na ƙungiyar mawaƙa ta Astro, wanda a ƙasarsu har laƙabi aka yi masa saboda kyan fuska. Wato darajar yarinyar ba ta tabbata ba sai da wanda ya fi kowa kyau a makaranta ya sa mata hannu. Da Han Seo-jun, wani ɗan ajin nasu, ya shigo da babur ɗinsa kuwa, sai maganar cin zali da raunin da ya bar mata ta koma gefe, labari ya zama wa za ta zaɓa cikin kyawawa biyu.

Abin takaicin shi ne Koriyawa da kansu sun yi nisa a wannan muhawara kafin fim ɗin ya fito. Ƙasa ce da unguwar Gangnam a Seoul ta yi suna da asibitocin tiyatar gyaran fuska, inda yi wa fatar ido ninki ya zama ruwan dare, inda aka daɗe ana liƙa hoto a takardar neman aiki. A 2018 'yan mata da yawa suka tashi da wani yunƙuri, suna farfasa kayan kwalliyarsu, suna rage gashi, suna sa hotunan a intanet. A shekarar ce mai karanta labarai a tashar MBC, Lim Hyeon-ju, ta fito a labaran safe da tabarau, abin ya zama labari a ƙasar don ba a saba ganin mace ta yi haka a wannan kujera ba. Bayan shekara biyu sai ga fim da ya mayar da tabarau alamar muni. Suna da abin faɗa a hannu, suka zaɓi mai sauƙin sayarwa.

Duk da haka da na daure na ƙarasa, ba don 'yar yayata ba. Wani dare muna kallo, Ju-kyung na ƙoƙarin ɓuya kada 'yan makarantarsu su gan ta babu kwalliya, sai 'yar yayata ta dafe ƙirji ta ce, “Wayyo Anti, ta yi sauri ta shafa mana, ni ba na son ganin ta a haka.” Na juya na kalle ta. Yarinya ce baƙa mai kyan ido, ƙurajen balaga sun fara fito mata a goshi. Ban ce komai ba.

Bayan kwana biyu na shigo ɗaki na same ta gaban madubina, ta shafa hodata da ta fi fatarta haske, fuskar ta yi toka-toka, wuyan na nan da kalarsa. Ta ɗan ji kunya, sannan ta ce, “Anti, wane mai ne ke sa mutum ya yi haske irin nasu?” Gabana ya faɗi, don na san amsar da za a ba ta idan ta yi wannan tambayar a kasuwa. Duk mun san matan da man bilicin ya ƙone wa kumatu ya bar musu baƙaƙen gaɓoɓin yatsu, har hukumar NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Ba na cewa fim ɗin ne ya dasa mata wannan tunani. Da muka zauna ta gaya min akwai sunan da wasu 'yan ajinsu ke kiran ta da shi tun bara, ba ta taɓa faɗa wa mamanta ba. Amma ni na ɗauko fim ina zaton zai rarrashi yarinya irinta, sai ya nuna mata cewa mafita tana cikin jakar kwalliya. Daren nan ba mu kunna kashi na 10 ba, hira muka yi har sha biyu ta wuce, washegari na kira Yaya.

Wata ƙawata da ta kalla har ƙarshe ta ce na yi gajen haƙuri, wai a gaba asirin Ju-kyung zai tonu, za ta kuma tsaya da ƙafarta. Na yarda da ita. Sai dai sama da awa tara ana koya wa ido jiran hoda, ban ga yadda kashi biyu ko uku za su warware wannan a zuciyar 'yar shekara 14 ba.

Wanda ke neman soyayyar 'yan makaranta da dariya da kyawawan fuskoki zai samu, an kashe kuɗi, hoto ya fita tas. Wanda ya zo saboda sunan, kamar ni, kashin farko ya ishe shi. Makin da na ba shi 4 ne cikin 10: uku na kashin farko da wasan Moon Ga-young, ɗaya na Hee-kyung.