Zaren Turkiyya da na saƙa bargo mai tudu da kwari da shi: abin da na gani

Masu tambayata inda na samo zaren bargon nan mai launi biyar da na saƙa, da ko zaren ya yi, ga amsarku gaba ɗaya. Zaren ba na ƴan tebur ba ne na Babbar Kasuwa. Wajen wata Hajiya na saya a unguwar Zariya, nan Maraɗi, mai sayar da kayan saƙa a cikin gida, tana sa hotunansu a WhatsApp. Ta ce daga Kano ake kawo mata, ta Jibiya da Ɗan Isa, takardar jikinsa kuwa ta nuna aikin Turkiyya ne. Dunƙule 15 na ɗauka, kowanne giram 100, a kan dala 300, wato sefa 1.500. Jika 22 da rabi ke nan. Ta ɗora mini kwarashi biyu gyara, ta ba ɗan kabu-kabu ya kawo har ƙofar gida. Zaren ya yi, kuma zan ƙara saye, amma akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya tura kuɗinsa.

Zanen da na bi tsohon yayi ne. Layuka ne masu hawa da sauka kamar haƙoran zarto, irin wanda ya cika gidajen Amurka a shekarun 1960 da 1970, ana yafa shi a bayan kujerar falo. Launukan wancan zamani na zaɓa da gangan: ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, kore mai duhu, sai ruwan madara da ke raba tsakaninsu. Wanda ya saba da luru ba zai ga baƙon abu ba, domin shi ma ratsi-ratsi ne. Bambancin kawai, na luru a miƙe yake, wannan kuwa yana karyewa.

Ganinsa ya fi yinsa ban tsoro. Gajeren sari ɗaya ne, wato sukar kwarashi mai fitar da gajeren ido, tun daga farko har ƙarshe. Ki saƙa ido 10, a na gaba ki zuba uku a rami ɗaya, tudu ya tashi ke nan. Ki sake saƙa 10, ki tsallake biyu, kwari ya faɗa. Biyun da kika ƙara a tudu su ne biyun da kika zubar a kwari, shi ya sa faɗin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kowane tudu yana cin ido 23. Ni tara na yi, ido 207 a sahu, ya ba ni faɗin santimita 115 ko kusa da haka, tsawo kuma na tsaya a mita ɗaya da rabi. Wurin da ake shan kashi shi ne baki: dole a tsallake ido ɗaya a farkon sahu, ɗaya a ƙarshensa, in ba haka ba gefen ya riƙa buɗewa har bargon ya karkace. Sai kuma soka kwarashin a zaren baya na kowane ido kaɗai, a bar na gaba. Wannan ne ke fitar da ƴan gurun nan da ke bin layin, wanda in ka shafa da hannu za ka ji tudunsu. In babu su, bargon kan fito sumul, ya rasa kamannin na da.

To, a irin wannan saƙa zare ba ya iya ɓoye aibinsa. Ba fure, ba rami, ba wani ado da zai ɗauke ido, layi ne zalla. Nan ne na Hajiya ya burge ni. Kaurinsa ɗaya ne daga bakin dunƙule zuwa cikinsa, murɗinsa ya kama, kwarashi ba ya tsaga shi. Duk wadda ta taɓa aiki da ƙananan dunƙulen nan da muke yi wa jarirai hula da safa ta san wahalarsu: siriri ne, sai an haɗa biyu ko uku kafin ya yi jiki, kana cikin sari bakin kwarashin ya shiga tsakiyarsa ya bar wani sili a waje. Arhar tasu ma ta baki ce, don in aka lissafa giram da giram, ratar ba ta kai yadda ake zato ba, ga yawan ƙulli a bayan bargo tun da kowane ɗan lokaci dunƙule ya ƙare. Wannan kuwa na warware sahu guda na sake saƙawa, bai yi gashi ba, bai tsinke ba. Tudun suna tsayawa da kaifinsu, kwarin ba ya barin ƙaton rami.

Hajiya tana kiransa ulu, kowa ma haka yake cewa, amma ba gashin tunkiya a cikinsa ko ɗaya. Akirilik ne ɗari bisa ɗari, haka aka rubuta a takardar, zaren roba da kamfanin DuPont na Amurka ya fara haɗawa a 1941, ya bazu a kasuwa a shekarun 1950. Arharsa da sauƙin wankinsa na cikin abin da ya sa irin bargon nan ya yi tashe a can. Wanda ke shakka ya yanki ɗan guntu ya kanga masa ashana a tsakar gida. Auduga takan ci ta bar toka mai laushi, ulun gaskiya ya yi ƙaurin gashi, wannan kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Na gwada nawa, haka ya yi. Ba laifi ba ne, don asu ba ya cinsa, kuma ba ya ƙaiƙayi a jiki. Amma a nan garin, inda lokacin ɗari kowane ɗaki da kaskon gawayi, wannan magana ce babba. Inna, uwar maigidana, ranar da ta fara ganinsa ta ɗauka ta jinjina, ta ce, "Wanga kam ya yi nauyi, ɗiyata. Kawo kasko in turara miki shi." Sai da na ce, "Inna, ki yi mini rai, wannan ba ya son wuta ko daga nesa." Turaren wuta da muke yi wa zannuwa, a kifa kwando a rufa, kada a yi wa wannan. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi, kuma narkakken robar yana manne wa fata. Don haka ba zan rufa wa jariri shi kusa da garwashi ba.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lissafin da aka yi mini. Hajiya ta ce uku-uku na kowane launi sun isa. Ba su isa ba, saboda ruwan ƙasa da shi aka buɗe, da shi aka rufe, ya fi sauran ci. Saura ratsi ɗaya ya ƙare. Na aika aka kawo ƙari, lambar launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma da na saƙa sahu biyu na fito da shi rana, sai ga shi ya fi na farko ja. A jikin takardar kowane dunƙule lamba biyu ce: ta launi, da ta tukunyar rinin da aka tsoma shi. In ta biyun ta bambanta, launin kan ɗan saɓa, ko da sunansa ɗaya. Mai sayar da zare ya kamata ta san wannan, ta faɗa wa mai saye tun farko. Da na yi mata magana ta ce, "Hajiya, ai duka ɗaya na, idonki na." Ba idona ba ne. Daga baya dai ta bincika cikin kayanta ta samo mai lambar farko ta musanya mini ba tare da ƙarin ko dala ba, wannan kam na yaba mata. Shawarata, a sayi zaren duka a lokaci ɗaya, a duba lambobin da ido, a ƙara dunƙule guda a kan launin da zai yi baki. Na kuma tarar da ƙullin masana'anta a tsakiyar wasu dunƙulen kore. Irin wannan a yanke shi a haɗa da hannu, don wanki kaɗan ne zai kwance shi.

Kwarashin gyara, ɗaya na roba ne, ɗaya na alminiyam, duka milimita 5. Na roban ba shi da amfani a nan: yana kuka a cikin zaren, yana lanƙwasa idan saƙar ta yi tsauri. Na alminiyam shi ya yi aikin duka. Mai hannu da tsauri ta nemi 5,5.

Hunturu ma yana da nasa. Iska ta bushe, zaren sai ya riƙa ƙas-ƙas yana manne wa zane, da dare har ɗan walƙiya yake yi idan an ja shi. Yatsu in sun yi kaushi suna kama sili, dole a shafa man kaɗe a bari ya shige kafin a taɓa ruwan madarar, in ba haka ba ya yi dabbare. Ƙura kuwa ba a magana. Dunƙulen da nake aiki da shi a cikin bokiti mai murfi nake ajiye shi, na huda murfin zaren na fitowa ta nan.

Wanki bai ba ni matsala ba. Ruwan sanyi a baho, sabulu kaɗan, a danna a danna, ba murɗawa. Ruwan goron ne na ji wa tsoro, amma bai zuba ba ko kaɗan, farin ya fito fes. Kada a rataya shi a igiya da ruwa a jikinsa, nauyin zai ja shi tudun su miƙe; a shimfiɗa a tabarma a inuwa. Dutsen guga kuwa haram. Bayan wankin ya ƙara laushi, sai ƴan ƙurajen gashi da suka fito a gefen da ke gogar hannun kujera, na bi su da almakashi.

Wani zai ce da jika 22 ai an sayi bargon Cana mai laushi a kasuwa har da canji. Gaskiya ne, kuma in ɗumi kawai ake nema, a sayi wancan a huta. Gajeren sari cin zare ne da shi, da cin lokaci. Wanda ya yi dogon sari zai gama da wuri, ya rage dunƙule, sai dai bargon ya fi sakwarkwacewa, layukan ba sa yin kaifi haka. Ni don falo na yi shi, da kuma yafawa bayan sallar asuba a Disamba da Janairu, kuma a nan ya biya. Mai son sayarwa ta yi lissafi da kyau, don kilo ɗaya da rabi na zare kafin a sa kuɗin hannu ba kowane mai saye zai ɗauka ba a Maraɗi.

Lokacin farawa ma a duba. Da ya wuce rabi, bargon a cinya yake kwana ana saƙa shi, kuma akirilik ba ya shan zufa. A zafin Afrilu da Mayu, da zafin rana ke haura digiri 40, ba mai iya wannan zama. A fara bayan damina, wajen Oktoba, lokacin yana ƙarami, ya yi girma tare da shigowar sanyi. Na tambayi Hajiya ko tana da na auduga mai wannan kaurin don in yi wa jariri ƙarami da zanen nan, ta ce babu a hannu, sai kayan da za su zo nan gaba, kuma kuɗinsa zai ɗara wannan.